Hular Baba a Dagenham

Abu na farko da na lura da shi a Ingila shi ne kan Babana. Babu hula. Yana tsaye cikin masu tarbar 'yan'uwansu a filin jirgi, sanye da baƙar rigar sanyi mai zif, kansa a buɗe kowa na gani. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya taka ƙofar gida ba hula ba. A Kaduna ko shagon bakin layi zai je sai ya sa. Ashe a cikin shekara ukun da ya yi ba ya tare da mu sanƙo ya cinye tsakiyar kan, mu ba mu sani ba, don kullum sai ya sa hula kafin ya ɗaga kiranmu na bidiyo.

Umma ma ta gani. Bayan gaisuwa ta ce a hankali, "Malam, ina hular?"

Ya shafa kansa ya yi 'yar dariya. "Tana gida. Nan in ka sa iska ta ɗauke. In iska ta bar maka, mutane su yi ta kallo."

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma ni ba mai magana ba ce. A gida ma in baƙi suka zo sai in laɓe bayan labule. Kallo dai na iya.

Muka shiga tube, jirgin ƙasan Landan, da akwatunanmu huɗu. Muka daɗe a ƙarƙashin ƙasa, muka canza jirgi, sannan ya fito da mu sarari. Na ga gidaje a manne da juna kamar haƙora, kowanne da 'yar tagarsa da kwandon shararsa. Ba wanda ya gaishe da wani a cikin jirgin. A Barking wasu mata biyu suka shigo suna Yarbanci, Umma ta yi ta kallonsu kamar ta ga 'yan ɗakinsu. Muka sauka a Dagenham ana yayyafi.

Flat ɗinmu a saman wani shagon wanki yake, ɗaki biyu da falo. Da Baba ya rufe ƙofa sai ga hular a bayanta, rataye a ƙusa. Zanna ce mai ruwan toka, ƙura ta kwanta a samanta. Kusa da ita akwai wata riga mai ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, a ƙasa kuma takalma masu ƙarfe a baki. Waɗannan su ne kayan Baba na yanzu.

Baba yana aiki a wata masana'anta can wajen kogi, inda ake ƙera sassan injin mota. Shi ke saita injinan da ke yanka ƙarfe. Ya koyi aikin ne a kamfanin haɗa motoci a Kaduna, inda ya daɗe kafin aiki ya ja baya aka sallame su. Kamfanin nan na Dagenham ne ya yi masa takardu, mu kuma muka biyo bayansa a kan takardunsa. Tun a ranar farko ya gaya mana: zamanmu a jikin aikinsa yake, kamar guga a jikin igiya. In igiya ta tsinke, wata biyu ake ba mutum ya samu wani kamfanin da zai tsaya masa, ko ya tattara iyalinsa. Masu kamfanin kuwa ba a Ingila suke ba. Suna Amurka.

A makaranta na yi mako biyu ban ce uffan ba. Turancin da na koya a Kaduna ba shi nake ji ba. Yaran nan haɗiye rabin kalma suke yi. Wata yarinya mai jan gashi, Molly, ita ta fara kula ni. A layin abinci ta ga na tsaya ina zare ido, ta nuna wani faranti ta girgiza kai ta ce, "Wannan alade ne. Ɗauki na kifi." Daga ranar muke zama tare. Ita ta yi ta surutu, ni in yi ta gyaɗa kai, kuma ba ta taɓa cewa na gundure ta ba.

Ashe kakanta, Mista Terry, a wajen aikin Baba yake, shi ne ma wakilin ƙungiyar ma'aikata. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, yatsansa ɗaya guntu, inji ya cinye shi tun yana saurayi. Sauran ma'aikata Sam suke kiran Baba. Cikin Turawan shi kaɗai ya tsaya ya koyi cewa Sani. Ran nan ya zo har ƙofarmu da rigar makarantar yayar Molly a leda, ya ce ta yi mata kaɗan, in ba za mu ji haushi ba. Umma ta rasa abin yi, ta cika masa roba da cincin.

Akwai ranar da kamfani ya buɗe ƙofa iyalai su zo su gani. Na ga injin Baba, na ga sunansa a jikin akwatin ajiyar kayansa. Na kuma ga ofishin manaja. A sama yake, sai an hau matakalar ƙarfe, kuma bangonsa uku duk gilashi ne. Duk wanda ke ƙasa yana ganin har takalmin wanda ke ciki. Na tuna na ce a raina, shi wannan mutumin ko sosa ƙafa ba zai yi a ɓoye ba.

Duk Lahadi Kawu Issaka yakan zo cin tuwo. Mutumin Gana ne, ɗan zangon Kumasi, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a masana'antar. Hausarsa ta ba ni dariya da farko, don mace da namiji duk "ya" yake ce musu. "Malam Sani, matanka ya iya miya," in ji shi, Umma ta ce, "Kawu, ni dai ba ya ba ce." Ya ce, "To Hajiya, ya yi haƙuri."

Wata Lahadi Baba da Kawu suka ƙi sauya tasha daga labaran Amurka. Ana nuna ma'aikatan motoci suna yajin aiki, sun kewaye wata ganga da aka hura wuta a ciki, suna ɗaga kwalaye. Aka nuna wata unguwa da gidajenta suka zama kango tun da masana'antu suka tashi, ciyawa ta fito ta tagogi. Sai aka nuna 'yan siyasa, kowa na rantsuwa cewa in aka zaɓe shi zai dawo da aiki gida, zai sa haraji a kan duk kayan da aka ƙera a waje.

Umma ta ce, "Ku dai ku ci tuwo ya huce. Mu da muke Landan, me ya haɗa mu da zaɓen Amurka?"

Kawu Issaka ya nuna talabijin da cokali. "Hajiya, aiki nan da suke cewa za su dawo da shi gida, a ina ya ke yanzu? A hannun mijinki ya ke."

Baba bai ɗauke ido daga mutanen gangar ba. Ya ce, "Dubi hannun wancan. Irin nawa ne. Su ma iyali gare su. Ba za ka ce kar su nema ba."

"Ni ban ce kar su nema ba," in ji Kawu. "Na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma wannan karon, in aka kashe wuta nasu, namu ne zai kama."

A makaranta ma muka zo kan darasin Amurka. Malamar ta tambaya: in aka sauya doka a wata ƙasa don a taimaki ma'aikatanta, wa zai iya cutuwa? Na san amsar. Tana zaune a falonmu tana cin tuwo. Na ɗaga hannu har daidai kunnena, sai na mayar da shi kamar ina gyara hijabi.

Ba a yi wata biyu ba aka tara ma'aikata aka gaya musu cewa za a kwashe layi ɗaya na injina a mayar Amurka. Layin Baba ne. Ba duka za a sallama ba, amma za a zaɓa. Ƙungiya ta ce ba ta yarda ba, za a jefa ƙuri'a a kan yajin aiki. Takardar ƙuri'ar ta zo ta gidan waya, ta yi kwana huɗu a kan firij. Baba na tsoron yajin aiki. Ya ce a Kaduna ya taɓa ganin ƙofar da aka rufe don kwana uku, har yau ba a buɗe ta ba. Amma a rana ta biyar ya zauna ya sa alama a gidan "e", ya liƙe, ya ba ni na jefa a akwatin gidan waya a hanyar makaranta. Ya ce, "Ba a barin jama'a."

Sai dai Baba yana da wata dabara tasa. A wajenmu in abu ya gagara, ba takarda ake rubutawa ba. Mutum yakan yi wanka, ya sa tufafin kirki, ya riƙi ɗan abin hannu, ya je wurin babba ya yi kamun ƙafa. Ya ce manajan nan ɗan Adam ne, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya roƙe shi da ladabi, kowa ihu yake masa.

Umma ta goge farar babbar rigarsa. Ta fito da tim-tim ɗin fata da ta zo da shi daga gida, mai ja da kore, wanda ta ce sai mun samu gidan kanmu za a sa a falo. Ni da ita muka cusa masa tsofaffin tufafi har ya cika ya yi tsaye. Da safe ina shirin makaranta na ji Baba a kicin yana maimaita abin da zai faɗa da Turanci. Ba kansa ya sa a gaba ba. Yana cewa akwai Issaka mai 'ya'ya biyar, akwai Terry da saura shekara biyu ya huta, akwai wata mata mai kula da mijinta marar lafiya. Yana cewa a yi haƙuri a bar layin, za su ƙara ƙoƙari. Sunansa ne na ƙarshe.

Ya cire hular daga ƙusa, ya kakkaɓe ta a gwiwa, ya sa. Ya koma Babana na Kaduna, har Umma ta yi murmushi. Ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

A nan na tuna gilashin. Na san Baba ba zai roƙi babba a tsaye ba. Na san kuma duk wanda ke ƙasa zai gani, a makon da ake ƙirga ƙuri'a. Maganar ta zo har bakina. Amma yaya 'ya za ta ce wa ubanta kar ya je? Na riƙe masa ƙofa, ya fita rungume da tim-tim, na ce, "Allah ya ba da sa'a."

Da la'asar ya dawo da tim-tim ɗin. Ya ajiye shi a bayan kujera, ya mayar da hular kan ƙusa, ya shige ɗaki. Kawu Issaka ne ya ba Umma labari a bakin ƙofa, ina jin su. Baba ya hau matakala, ya yi sallama, ya durƙusa a gaban teburin. Manajan ya firgita, ya miƙe tsaye yana cewa ya tashi, ya tashi. Ya ce ba shi da iko a kan komai, daga Amurka ake aiko masa da umarni, kuma dokar kamfani ta hana shi karɓar kyauta. A ƙasa kuwa kowa ya bar abin da yake yi ya ɗaga kai. Ba wanda ya ji kalma ɗaya ta cikin gilashin. Abin da suka gani kawai shi ne Sam ya ci ado, ya kai wa manaja kyauta, ya durƙusa. Sannan ya sauko ya ratsa tsakiyarsu da abinsa a hannu.

"Wani ya ce har matashin durƙuso ya zo da shi daga gida," in ji Kawu. "Hajiya, na yi bayani har bakina ya bushe. Suka ce ai dole in kare shi, ɗan'uwana ne."

Umma ta ce, "Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Su je Amurkar mana su yi fushin."

Daga ranar aka daina amsa gaisuwar Baba. Wannan ya fi komai ci masa rai. Mutum ne da in ya shiga wuri sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu sai ya ce ina kwana, a ci gaba da ɗaure takalmi. A wurin cin abinci in ya zauna sai tebur ya watse. Na gane haka ne daga kwanon abincinsa. Da can yakan dawo da shi wayam, don abokan aiki na son dambun Umma. Yanzu yana dawowa da rabi, cokali ɗaya a ciki. Wata rana na tarar da soson durƙuso irin na masu aikin daɓe a cikin jakarsa, sabo, an rubuta Sam a jiki. Na ɓoye shi a ƙarƙashin katifata don kar Umma ta gani.

Molly ba ta yi mini faɗa ba. Na zo da farantina na tarar ta koma wani tebur. Da aka tashi na tsaya kusa da ita a wajen rataye riguna, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kakana ya ce shi ya tsaya wa babanki tun ranar da ya zo. Ya ce da ya san zai je ya ceci kansa shi kaɗai..." Ba ta ƙarasa ba. Ina da amsa cikakkiya a cikina, da Hausa. Kafin in juya ta zuwa Turanci ta tafi.

Sai wasiƙa ta zo. Ranar Alhamis ƙarfe goma na safe za a gana da Baba shi kaɗai, a duba ko yana cikin waɗanda za a sallama. A ƙasan wasiƙar an rubuta cewa yana da damar zuwa da wakilin ƙungiya.

Kawu Issaka ya zo ko zama bai yi ba. "Malam Sani, kar ka shiga ɗaki nan kai kaɗai. Mutum uku ne da takardu. Za su ba ka maki kamar ɗan makaranta, kai kuma na san ka, duk abin da suka ce za ka ce thank you. Terry ya san doka. In ya na wurin ba su iya yin wasa. Ka yi masa text."

"Mutumin da na gaishe shi sau tara bai amsa ba?"

"Kana ƙirgawa?"

"Ina ƙirgawa." Baba ya ninke wasiƙar. "Na roƙi mutum ɗaya a garin nan, na ga abin da ya biyo baya. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru."

 Washegari na ga Umma ta sauko da akwati ɗaya daga saman kabad, ta goge shi, ta mayar. Ni kuma na fara kallon abubuwa kamar mai ban kwana: bas ɗin da nake hawa, matar shagon wanki da ke ɗaga mini hannu, littafin laburare da ban gama ba. Ba wai na ƙi Kaduna ba. Kullum ina mafarkin ta. Amma na san gidanmu na can an sayar don mu zo, kuma na san wanda zai koma ba Baban da ya tafi ba ne.

Ranar Laraba aka yi yajin aiki na kwana ɗaya. Baba bai shiga aiki ba, bai kuma je bakin ƙofa wurin sauran ba. Na bar shi da safe zaune a falo da rigar sanyinsa, talabijin a kashe.

Da aka tashi daga makaranta ban hau bas ɗin gida ba. Na hau wanda ke gangarawa wajen kogi. Ban shirya komai ba, ƙafafuna ne kawai suka tafi. Tun daga nesa na hango su a bakin ƙofar masana'antar, sun kewaye ganga da wuta a ciki, suna riƙe da kwalaye, sak irin mutanen Amurka na talabijin. Motoci na wucewa suna yi musu ham. Na tsaya a tsallaken titi kusa da wata fitila. Bas uku suka zo suka wuce. Yatsuna suka daskare a cikin aljihu. Sau biyu na juya zan tafi.

Mista Terry ne ya gan ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙa wa wani kofin shayinsa ya tsallako. Ya dubi rigar da ke jikina, rigar jikarsa. Ya ce, "Ke ce 'yar Sani. Me kike yi a nan cikin sanyi?"

Bai ce Sam ba.

Tun ina ƙarama aka koya mini cewa ba a yi wa babba magana a tsaye. Na ji gwiwoyina sun fara lanƙwashewa da kansu. Na hango mutanen gangar duk sun juyo suna kallo. Na kama ƙarfen fitilar da hannu biyu, na miƙe, na tsaya.

Turancina ya fito a karye. Na ce masa a garinmu haka ake roƙo, ko don kai ko don wani. Na ce ni na jefa ƙuri'ar Baba da hannuna, na ga inda ya sa alama. Na ce na ji shi a kicin da safen ranar da ya je wurin manaja yana jera sunaye. Na faɗi su yadda ya faɗa: Issaka mai 'ya'ya biyar, matar da mijinta ba shi da lafiya, Terry da saura shekara biyu ya huta. Na ce na san da gilashin, na gan shi tun ranar da muka zo kallo, kuma ban gaya wa Baba ba.

 Mista Terry yana ta murza guntun yatsansa da babban yatsa.

Na ce, "Gobe ƙarfe goma za su kira shi. Ba zai tambaye ka ba, kuma bai san na zo ba. Don Allah ka shiga ɗakin tare da shi. In ba za ka iya ba, to in ya gaishe ka da safe, ka amsa."